Yadda muka je yawon duwatsun "guguwar ruhi" a Sedona, da abinda naso ace na sani kafin in biya kuɗi

Tun ranar dana ɗora hotunan jajayen duwatsun nan a status mutane suke ta tambayata ina ne wajen, nawa muka kashe, wasu kuma tambayarsu ɗaya ce tal, wai da gaske akwai aljanu a gurin. Na gaji da maimaita saƙon murya shiyasa nace bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru daga farko, ko wani zai huta da ruɗanin da ni na shiga, dan wallahi sai da na kusa asarar kusan dala 400 a banza saboda rashin karanta abinda na sa wa hannu.

Ni a Tempe nake zaune, gefen Phoenix a jihar Arizona. Kawuna ne yazo daga Kano ganin likitan ido, ya sauka a gurinmu sati uku. Tsohon malamin labarin ƙasa ne a sakandare, yayi ritaya, kuma irin mutanen nan ne da basa iya zaman gida, kwana huɗu da gama aikin idon ya fara cewa shi fa bai zo Amurka dan ya kalli bango da talabijin ba. Wani abokin aikina Bature yace in kaishi Sedona, awa biyu ne kawai a mota, kuma lallai mu shiga yawon boteks. Nace menene kuma boteks, yace gurare ne da ƙarfin ƙasa yake fitowa yana juyawa kamar guguwa, mutum in ya tsaya a gurin sai yaji wani abu a jikinsa. Dana faɗa wa Kawu dariya yayi yace to ai mu ma tun muna yara in guguwa ta taso ake cewa mu gudu aljanu ne ke wucewa, ashe Turawa kuɗi suke biya su shiga ciki. Yace muje mu gani, amma in tsafi ne babu shi a ciki.

Ruɗanin farko a intanet na same shi. Kana rubuta yawon boteks na Sedona zaka ga kamfanoni rututu, kowa da hoton dutse iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, amma abinda suke sayarwa ba ɗaya bane, kuma babu wanda zai fito ya gaya maka bambancin. Sai da na kwana biyu ina buɗe shafuka kafin na gane kashi uku ne. Akwai na jif, buɗaɗɗiyar mota ce da ake hawa kan duwatsu da ita ana jijjiga ka, labarin boteks ɗin ɗan ƙari ne kawai. Akwai na ƙaramar bas wadda take bin kwalta, a tsaya guri uku ko huɗu a sauka a ɗan taka a yi bayani. Sai kuma na uku wanda mutum ɗaya zai ɗauke ku ku kaɗai, su ne masu kiran kansu masu warkarwa ko masu duba, akwai kaɗa ganga, hayaƙin ganye, karanta maka wai launin hasken jikinka, waɗannan na ga daga dala 250 zuwa sama kowane mutum. Wannan na ukun tun daga hoto na san ba namu bane, boka ne kawai da ya iya Turanci yake karɓar kati. Kuma a cikin binciken ne na ci karo da labarin abinda ya faru a Oktoban 2009 kusa da garin, inda wani mai suna James Arthur Ray ya tara mutane da suka biya kusan dala dubu goma kowannensu, ya shigar dasu wata bukkar zufa mai tsananin zafi wai tsarkake ruhi, mutum uku suka mutu, a 2011 kotu ta same shi da laifin sakaci aka ɗaure shi shekara biyu. Daga nan duk shafin dana ga an ambaci bukkar zufa sai in rufe.

Na zaɓi jif saboda hotunan sunfi kyau, gaskiya ba wani dalili. Dala 120 kowane mutum, mu uku har da madam, da haraji da wani kuɗin ajiye guri da sai a shafin ƙarshe yake bayyana ya tashi kusan 400. Na biya da kati daren Talata, tafiya Asabar. Suka turo imel ɗauke da wata takarda da kowa zai sa hannu cewa in yaji ciwo ba ruwan kamfani, ni kuma na danna na yarda na yarda har ƙasa ban karanta ko layi ɗaya ba, har na sa wa Kawu da madam nasu. Ranar Alhamis da safe madam tana duba imel ɗin dan ta ga irin takalmin da suka ce a sa, sai ta kirani a wajen aiki tace ka karanta layi na shida kuwa. Layin cewa yake mace mai juna biyu bata hawa jif ɗin ko wata nawa ne, haka mai ciwon baya ko wuya ko wanda aka yiwa aiki kwanan nan. Ita tana wata biyar, Kawu kuma ko sati biyu bai cika da aikin ido ba. Wato cikin mu uku ni kaɗai na cancanta. A ƙasa kuma an rubuta in ya rage ƙasa da awa 48 ba'a mayar da ko sisi. Na duba agogo, saura awa 50 da 'yan mintuna.

Na fita waje na kira lambar, na kusa minti 25 ina jin kiɗa kafin wata ta ɗauka. Nayi mata bayani, tace babu matsala tunda ban shiga awa 48 ba, ko a soke ko a maida mu na bas mai bin kwalta wanda yake dala 95, awa biyu da rabi. Anan nayi abinda ya kamata ace tun farko nayi, na tambayeta dalla dalla me ake yi a yawon. Nace mu Musulmi ne, zamu kalli guri mu ji tarihi amma ba zamu shiga wata addu'a ko kiran wani abu ba. Tace a tsayawa ɗaya mai jagoran takan yi ɗan zaman shiru na minti goma da wani ɗan biki, amma ba dole bane, zata rubuta a jikin sunanmu. Nace ta turo min a rubuce, ta turo. Ragowar kuɗin kuwa sai bayan kwana takwas ya dawo katina, har na fara tunanin sun cinye. Da yamma Kawu ya tambayi me yasa aka fasa jif, ni kuma kunya ta hanani faɗin ainihin dalilin madam a gabanshi, nace saboda idonka ne Kawu. Ya kalleni ya kalli ƙofar kicin yace to Allah Ya raba lafiya, idon nawa.

Asabar bayan asuba muka fita, wajen shida da rabi, yawon namu ƙarfe goma ne amma sunce a iso minti 30 kafin lokaci. Hanya ɗaya ce, babban titin I-17 ka miƙe arewa, kusan mil 120. Kawu ya zauna gaba yana ta nuna min abinda ni da nake bin hanyar ban taɓa lura dashi ba, wai in duba dogayen kaktus ɗin nan masu hannuwa, muna fara hawa tudu bayan Black Canyon City suka fara raguwa har suka ɓace gaba ɗaya, yace sanyi ne basa jurewa, alamar mun hau sama kenan. Kuma haka ne, Sedona tana sama da mita 1,300 daga teku, muna sauka a mota sai da madam ta nemi suwaita alhali a Tempe da esi muka kwana. Ana barin babban titin a mafita ta 298 a hau titi mai lamba 179, kuma daga nan ne zaka fara ganinsu. Dutsen farko da ya tare mana gaba shine Bell Rock, kamar an kife ƙararrawa, ja wur, Kawu baice komai ba sai Subhanallah da yayi ta maimaitawa.

Abinda ban lissafa ba shine cunkoso. Garin mutanensa basu kai dubu goma ba amma baƙi miliyoyi suke zuwa a shekara, titin kuma layi ɗaya ne kowane hannu da shataletale bayan shataletale. Daga ƙauyen Oak Creek zuwa tsakiyar gari da taswira tace minti 15 mun ci 40. Munzo unguwar da suke kira Uptown babu gurin fakin, na zaga sau uku kafin na samu wani fili a bayan shaguna, muka iso ofishin tara da minti 50 ina haki. Basu ce komai ba, suka duba sunana a kwamfuta, suka nemi katin shaida nawa ni kaɗai, suka sa muka sake sa hannu a wata takardar a allo, wannan karon na karanta har ƙarshe mutanen bayana suna tsaki. Kafin mota tazo Kawu ya leƙa shagon dake kusa, duk duwatsu ne masu ƙyalli an jera da farashi, wannan na kawo arziki wannan na soyayya wannan na maganin baƙin ciki, a lungu kuma ga kyamarar ɗaukar hoton hasken jiki. Ya fito yace ɗana, wannan ai 'yan magani ne na kasuwar Kurmi, esi kawai suka fi su.

Mu tara ne a motar, mai jagoran wata dattijuwa ce mai furfura har baya, da zobba a kowane yatsa, mai fara'a sosai. Tana ganinmu tace ku ne waɗanda aka rubuta min, kar ku damu. Tsayawar farko Airport Mesa, tudu ne da ƙaramin filin jirgi a samansa. Anan na fara gane abinda kuɗinmu ya saya, dan gurin fakin na ƙasa bai fi mota goma ba kuma a cike yake, masu motar kansu sai sun wuce can sama sun biya dala 3 sun gangaro da ƙafa, mu kuwa sauke mu akayi a bakin hanya. Hawan bai fi minti goma ba amma dutsen yana da santsi, na riƙe Kawu. A sama gari gaba ɗaya yana ƙarƙashinka. Tace wannan boteks ɗin namiji ne, ƙarfinsa sama yake yi, haka Bell Rock, shi kuma Cathedral Rock mace ne yana janyowa ciki, na Boynton Canyon ya haɗa biyun. Ta nuna mana wata bishiyar junifa da gangar jikinta ta murɗe kamar an matse wanki, tace ga shaida nan, ƙarfin ne ya murɗa ta. Ta fito da wasu sandunan tagulla guda biyu masu lanƙwasa ta riƙe tana tafiya, suka juya suka haɗe, mutane suka ce waaw.

Kawu fa malami ne, ba'a yi masa haka ya yi shiru. Cikin ladabi da Turancinsa na mutanen da, ya tambayeta wane irin ƙarfi ne, na maganaɗisu ne ko na lantarki, kuma wa ya auna. Tace wasu suna cewa ƙarfen dake cikin dutsen ne. Yace ƙarfen gaskiya ne, shi ya sa dutsen yayi ja, yashi ne da ya daskare tun zamanin da, tsatsa ta rina shi, irin jar ƙasar da muke da ita a gida, amma tsatsa bata jan allura. Sai ya fito da wayarsa ya buɗe kamfas ɗin alƙibla ya ɗora akan dutsen, allurar ta tsaya cak arewa maso gabas yadda take nunawa a falona. Ni kunya ta kamani nace Kawu dan Allah, amma matar dariya tayi, tace gaskiyarsa, babu na'urar da ta taɓa auna shi, ita abinda take ji a jikinta take faɗa. Kuma ita da bakinta ta bamu tarihin, tace sunan boteks ɗin ma ba daɗaɗɗe bane, wata mai duba ce Page Bryant ta laƙaba wa guraren a 1980, sannan a Agustan 1987 dubban mutane suka cika garin a wani taro da suka kira Harmonic Convergence, har wasu suka kewaye Bell Rock suna jiran ya buɗe jirgin wata duniya ya fito. Daga nan kasuwar ta buɗe. Na ji daɗin da bata ɓoye ba. Maganar bishiya kuwa, irin murɗaɗɗun nan na gansu birjik a bakin Grand Canyon, shahararren ƙaton kwarin nan na Arizona, inda babu wanda yace akwai boteks.

A Bell Rock akayi bikin. Mun ɗan taka daga bakin titi zuwa wani faffaɗan dutse, tace kowa ya cire takalmi a yi da'ira. Ta fito da ɗaurin wani busasshen ganye amma bata kunna ba, tace bata kunna wuta a daji, sai ta fesa ruwan ganyen daga kwalba, ta ɗauko 'yar ganga mai fuska ɗaya kamar bandiri. Ta kallemu ta ɗaga kai, mu kuma muka ja gefe kamar taku talatin muka zauna. Muna jinsu suna juyawa gabas, kudu, yamma, arewa, tana kiran kakanni da ruhin ƙasa. Kawu ya raɗa min yace saura garaya kawai a ce girka ake. Ya karanta Ayatul Kursiyyu ya tofa mana, ya fito da carbinsa. Wata mata a da'irar ta fashe da kuka sosai, daga baya a mota take cewa mijinta ne ya rasu watanni kaɗan da suka wuce, Kawu yayi mata ta'aziyya, kuma tun daga nan bai ƙara yin wasa da abin ba.

Masu tambayata ko naji wani abu, eh naji, amma ba abinda suke nufi ba. Minti goman nan babu ƙarar mota babu waya, iska mai sanyi tana kaɗawa, dutsen da muke kai ya ɗau ɗumin rana, ga wasu hankaki biyu baƙaƙe suna shawagi a ƙasanmu ba a samanmu ba. Na shekara ina gudu tsakanin aiki da haya da takardu, rabon da in zauna shiru haka na manta. Jikina ya saki har barci ya fara ɗaukata. In wani ya kira wannan boteks shi ya sani, ni na san gajiya ce ta samu gurin sauka. Kawu yace shi abin Dala ya tuna masa, yadda aka ce Barbushe yana hawa ya gana da Tsumburbura ya sauko ya faɗa wa mutane abinda zai faru, yace ɗan Adam duk inda ya ga dutse ya tsaya shi kaɗai sai ya rataya masa wani abu. Sai ya ƙara da cewa bambancin kawai ita Dalar Kano ba'a taɓa karɓar masa dala ba kafin ya hau.

Tsayawa ta uku bakin Boynton Canyon ne, can yamma da gari, inda wani siririn dutse yake tsaye da suke kira Kachina Woman. Anan ne kawai na ɗan ji ba daɗi. Matar tace gurin mai tsarki ne ga 'yan asalin ƙasar, ta wuce zuwa maganar namiji da mace. Kawu yace su waye, suna ina yanzu. Sai ta tsaya ta faɗa, Yavapai da Apache ne, a Fabrairun 1875 sojoji suka tattara kusan mutum 1,500 daga wannan kwarin suka kora su da ƙafa mil 180 cikin sanyi zuwa San Carlos, da yawa suka mutu a hanya, jikokin waɗanda suka dawo suna nan wajen Camp Verde, garin da muka wuce da safe ban ko kalle shi ba, kuma duk shekara suna tunawa da ranar. Wato da Kawu bai tambaya ba da haka zamu tafi, an ari gangarsu da ganyensu ana karɓar kuɗi, labarin korarsu kuma sai an roƙa. Daga nan aka biya damu wata hasumiyar 'yan Buddha mai suna Amitabha Stupa, muka tsaya daga nesa, aka dawo damu ofis ɗaya saura kwata.

Kafin mu sauka naga kowa yana miƙa mata kuɗi, na tuna ashe ban riƙo tsabar kuɗi ba sai dala 20, abinda aka saba kuwa kashi 15 zuwa 20 na kuɗin yawon ne. Madam ce ta cece ni da 30 daga jakarta. Abinci kuma mu dai bamu ga na halal ba, bamu ga masallaci ba, Allah Ya taimaka ta soyo dambun nama da ƙwai ta zubo shayi a fulas, muka ci a mota, muka shimfiɗa darduma a ƙarshen filin fakin muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, babu wanda ya ko kallemu, garin da mutane ke rungumar bishiya wa zai damu da mai sujada. A hanyar fita na nuna wa Kawu McDonald's ɗin garin da alamarsa shuɗiya ce mai ruwan kore maimakon rawaya, wai hukumar gari ce tace rawaya zata ɓata kallon duwatsu. Kwana kuwa a Cottonwood mukayi, minti 30 daga Sedona, dan kuɗin ɗaki ɗaya a Sedona ranar Asabar ya kusa biya mana ɗaki biyu a can.

Lahadi muka koma da kanmu, kuma anan na gane abinda babu kamfanin da zai rubuta maka a shafinsa. Duk guraren nan huɗu a cikin dajin gwamnati suke, Coconino, babu ƙofa babu mai gadi, babu wanda ya mallaki boteks. Abinda ake buƙata kawai takardar fakin ce da ake kira Red Rock Pass, dala 5 na yini, 15 na sati, 20 na shekara, na mota ne ba na mutum ba, akwai na'ura a bakin hanyoyin ka sa kati ta fito maka da ita ka ajiye a gaban gilashi. Na saya na nufi Cathedral Rock kai tsaye sai na tarar an tare hanyar fakin ɗin, ashe daga Alhamis zuwa Lahadi rufewa ake, sai dai ka ajiye mota a wani fili a kan titi 179 ka hau bas ɗin gari, kyauta ce. Mun jira kusan minti 20 dan ta farko ta cika. Hawan Cathedral Rock gajere ne a takarda, bai fi kilomita ɗaya zuwa sama ba, amma akwai inda sai ka sa hannu da gwiwa a wani tsagi, ga mutane a bayanka suna jira. Kawu da madam a shimfiɗaɗɗen dutsen farko suka tsaya, ni na ƙarasa, ina bin kwandunan waya da aka cika da duwatsu, su ne alamar hanya ta gaskiya, ƙananan tarin duwatsun da zaka gani ko'ina baƙi ne suke jerawa. Na sauko gwiwoyina suna rawa. Daga nan muka zaga Crescent Moon, bakin rafin Oak Creek inda ake ɗaukar hoton dutsen a cikin ruwa, na miƙa takardar fakin ɗina da ƙarfin gwiwa mai ƙofar yace bata aiki anan, sai da na sake biyan dala 12. Amma gurin ya biya kuɗinsa, inuwa, ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, Kawu yayi alwala a rafin yana ta murmushi.

To ga abinda zan ce wa mai niyya. In kana da mota da ƙafa lafiyayyiya kuma kallo kawai kake so, baka buƙatar kowa, dala 5 da fita da sassafe sun isheka, kafin takwas ka riga ka samu fakin. In kana tare da dattijo ko mai lalura kamar yadda nake, bas mai bin kwalta tana da amfani, dan abinda kake saya shine a sauke ka a bakin guri a kuma baka labari, ba wani ƙarfi ba. Kafin ka sa lambar katinka ka kira su a waya ka tambayi abu uku, wace irin mota ce, akwai biki ko babu kuma za'a iya ja gefe, sannan awa nawa ne iyakar sokewa, kuma kace su turo a rubuce. Takardar sa hannun nan ka karanta ta tun daren da ka biya. Ka riƙo tsabar kuɗi na mai jagora, ruwa fiye da yadda kake zato ko da sanyi ake dan iskar busasshiya ce kamar hunturu, takalmi mai kama ƙasa, da abincinka. In lokacin zafi ne daga Yuli zuwa Satumba ka yi na safe, da rana hadari yake tasowa da tsawa kuma saman dutse ba gurin tsayawa bane. Ranar Lahadi kuma kar ka kai la'asar baka kama hanya ba, mu mun fito biyar, awa biyun nan ta zama uku da rabi a I-17, kowa yana komawa Phoenix lokaci ɗaya.

Sai abu na ƙarshe da babu wanda ya gaya mana, kar ka sa fararen kaya. Kawu farar shadda ya sa ranar farko wai dan hoto, ya zauna akan dutsen Bell Rock minti goma, madam ta wanke ta sau uku har da bilic jan nan yana nan daram a mazaunai da bakin wando. Ashe a garin har riguna suke sayarwa da aka rina da ƙasar. Da zai koma nace ya barta in kai masu wankin inji, yace a'a a ninke masa ita haka, ita zai nuna wa Gwaggo in ta tambayi me ya samo a gurin aljanun Turawa.